Inuwa ga yaran Jibia

Daga Maris zuwa Mayu, zafin bazara a Jibia yakan haura digiri 40. Duk wanda ya bi hanyar Magama zuwa Maraɗi da tsakar rana zai ga 'yan shekara 2 zuwa 5 suna wasan ƙasa a gefen titi, babu takalmi, kusa da manyan motocin da ke jiran a duba musu takardu. Yashin nan kuwa ko babba ba ya jure taka shi.

Ba ma goyon bayan a kulle yara a ɗaki. Ɗakin kwano da azahar ya fi waje turiri, kuma cunkoso a wannan lokaci abokin sanƙarau ne. Yaro na bukatar gudu, da ginin ɗakin laka, da goyon 'yar tsana. Lokacin kawai za a sauya: da hantsi, sai kuma bayan la'asar. Tsakani, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, a ajiye baho da ɗan ruwa su yi ta facal-facal, idon babba a kansu, domin ruwa kaɗan ma yana halaka ƙaramin yaro.

Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, ga shi ba ya tuna ƙishirwa in wasa ya yi daɗi. A riƙa miƙa masa ruwan randa tun bai nema ba. In fitsarinsa ya ragu ko jikinsa ya yi laushi, sai asibiti.

Muna roƙon ƙaramar hukumar Jibia da masu unguwanni su kafa rumfuna, su dasa itatuwa a makarantun allo, musamman inda iyalan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka suke zaune a tsukuke.