Manhajarka ta ce ka kusa kashi 60 na kuɗin gida? Je ka tambayi mai siminti

Kusan duk manhajar ajiyar kuɗi da matasa ke saukewa a waya, irin su PiggyVest da Cowrywise, tana da wani abu mai daɗin kallo. Za ka rubuta adadin da kake son tarawa, ka raɗa masa suna, a ce "Kuɗin gida", sai ta zana maka wani layi mai launi da ke cikowa duk lokacin da ka zuba wani abu. Yau kashi 12, wata uku gaba kashi 25. Ni da nake rubuta manhaja na san yadda ake haɗa wannan layi, kuma bai fi aikin minti biyar ba: a ɗauki abin da ka tara, a raba shi da adadin da ka rubuta ranar farko, a ninka da 100. Shi ke nan. Adadin nan na ranar farko ba ya motsi, ko da kasuwa ta kama da wuta. A ganina wannan layi ya ruɗi masu tara kuɗin gini fiye da yadda ya taimake su, kuma mu 'yan garuruwa irin Beli ya fi shafa.

Bari mu yi lissafi da abin da kowa ya gani da idonsa. A farkon 2023 buhun siminti yana wajen naira 4,500. Ɗauki matashin da ya ce buhu 100 yake buƙata, ya rubuta wa manhaja 450,000, yana zuba 20,000 duk wata ba fashi. Bayan wata 13 ya tara 260,000, waya ta nuna masa ya kai kusan kashi 58. Amma a tsakanin nan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemo wa kanta daraja, dalar da take ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. A Fabrairun 2024 siminti ya kai 10,000 a wurare da yawa, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka ce a riƙa sayarwa tsakanin 7,000 da 8,000. A farashin 10,000, kuɗin yaron nan buhu 26 za su saya. Waya ta ce 58, mai shago ya ce 26. Mai shagon ne yake da gaskiya.

Wani zai ce ai manhajar tana ba da riba a kan ajiya. Ka ajiye maganar halacci a gefe tukuna, za mu dawo kanta. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. In an ba ka kashi 15 a shekara alhali kaya sun tashi da 34, ba ka ci riba ba, asararka kawai aka rage maka. Gaskiya ne daga 2025 alƙaluman sun yi ta sauka, musamman bayan hukumar ta sauya yadda take lissafin, amma saukar hauhawa tana nufin kaya sun rage gudun tashi ne. Buhun 4,500 bai dawo ba.

Abu na biyu shi ne, shawarwarin da ake zubawa a YouTube da TikTok kan "tara kuɗin gida" an gina su ne a kan rayuwar Ingila da Amurka, inda mutum ke tara kashi 10 ko 20 na kuɗin gida ya kai banki, banki ya cika sauran ya riƙa cira shekara 25 ko 30. Mu ma muna da irin wannan a takarda. Tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da bankin FMBN ke riƙe da shi, ana cire kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, yana iya neman rance a kan ruwan kashi 6 har tsawon shekara 30. Sai dai rancen yana son shaidar samun kuɗi a kai a kai da takardar mallakar fili irin wadda banki ke karɓa. Mai gyaran waya ko mai POS a Beli ko Zarewa ko Fulatan, wanda filin da yake hange na gefen gari ne kuma shaidarsa dagaci da dattawa, wannan ƙofa ta yi masa nisa. Abin da muke tarawa a nan shi ne kafin alƙalamin fili, sannan bulo, fandisho, linta, kwano, ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci a shekara biyar ko fiye. Tun da haka ginin yake tafiya, haka ya kamata ajiyar ta tafi.

Shawarata ita ce ka daina barin kuɗin gida suna kwana a naira fiye da wata biyu ko uku. Manhaja ta zama zango, inda kuɗi ke taruwa har su isa sayen abu guda, daga nan su fita. Kulle ajiya irin Safelock na PiggyVest yana da amfani a nan, domin babban ɓarawon kuɗin gida ba ɗan damfara ba ne, data ce da cacar ƙwallo da "turo min dubu biyu zuwa gobe". Kulle na wata biyu ya ishe ka ka kare kuɗin daga hannunka. Kulle na shekara biyu kuwa ɗaure su ka yi farashi yana wuce su.

Me za ka saya? Fili ne farko in babu, domin shi ne ba ya ruɓewa kuma ba a ɗauke shi a kai. Bayan shi rodi da kwano suna jure ajiya in an samu ɗaki busasshe. Bulo ma haka, in an buga shi da siminti isasshe, an ba shi ruwa yadda ya kamata. Siminti kansa kada ka kuskura ka jibge shi: danshi yana shigarsa ko ta cikin buhu, bayan 'yan watanni ya fara daskarewa, damina ɗaya ta ishe shi ya koma dutse. Shi ma'auni ne, ana sayensa ranar da za a kwaɓa. Kuma ban ga abin kunya ba a ginin tubali da jar ƙasa da aka yi wa fandisho mai kyau da filasta. Gidajen da yawancinmu muka tashi a ciki ke nan, kuma sun fi ɗakin bulo sanyi a watan Afrilu.

Na san a yankinmu na Rogo da Ƙaraye, inda noma ne tushen komai, mutane sun saba ajiye kuɗi a hatsi ko dabba. Yana aiki, amma wanda ya ɓoye masara a kakar 2024 yana jiran ta tashi ya ga yadda farashi ya faɗi a 2025. Ɗan tunkiya ko sa na kiwo yana da cuta da ɓarayi. Masu USDT su ma su tuna cewa Binance ta rufe hada-hadar naira a Maris 2024, kuma in naira ta farfaɗo kai ne a ƙasa. Duk waɗannan caca ce a kan farashin wani abu daban. Rodi kuwa ko ya tashi ko ya sauka, rodin da ginin ke buƙata yana hannunka.

Yanzu ga inda waya take da amfani na gaske, kuma a nan nake so in daɗe. Gidan iyali ba kasafai mutum ɗaya ke gina shi ba. Yaya yana Legas yana turowa, ƙane yana Kano yana sayar da kayan waya a Farm Centre, yaya mace tana gidan miji tana kawo nata daga adashi, Baba ya ba da fili. Shekara huɗu ana zubawa, babu wanda ya rubuta komai saboda ai duk 'yan uwa ne. Ranar da aka zo rabon gado, ko ranar da matar wani ta ce ɗakin da ke kallon gabas nasu ne, sai kowa ya tuno nasa lissafin, kuma ba za su taɓa zuwa ɗaya ba.

Buɗe Google Sheets, kyauta ne kuma yana aiki a ƙaramar wayar Android. Ka yi layi biyar: rana, sunan wanda ya turo, nawa ya turo, farashin buhun siminti a ranar, sai na ƙarshe ya raba kuɗin da farashin. Wannan na ƙarshen shi ne gudummawar mutum ta gaskiya. Wanda ya ba da 90,000 a farkon 2023 buhu 20 ya kawo. Wanda ya ba da 90,000 a Fabrairun 2024 buhu 9 ya kawo. In aka lissafa da naira za a ce kunnen doki suka yi, kuma an zalunci na farko. Burin ma ka rubuta shi da kaya: buhu kaza, bandir ɗin kwano kaza, tifar yashi kaza. Duk wata ka sabunta farashi, jadawalin ya faɗa maka inda kuke. Wani watan za ka ga kun zuba kuɗi amma kun ja baya. Ba daɗi, amma gara ka sani a waya da ka sani a gaban mai shago.

Ka tura wa kowa mahaɗin a zauren WhatsApp na gida, kowa ya iya gani, mutum biyu kawai su iya gyarawa. Google Sheets yana ajiye tarihin duk canjin da aka yi da wanda ya yi shi, saboda haka ba mai goge layi a ɓoye. Kowane kuɗi ya bi ta tiransifa, a rubuta dalili a wurin bayani, a ajiye hoton rasit. Naira 50 da ake cira a kan dubu 10 zuwa sama ba ta kai darajar shaidar da ka samu ba. In Inna ta kawo tsabar kuɗi daga tumakinta, a zuba ta POS a rubuta da sunanta.

Sai wata tambaya da jadawali ba zai amsa muku ba, dole a zauna a faɗa da baki tun kafin a haƙa fandisho: wannan kuɗi da muke zubawa kyauta ce ga iyaye, ko rance, ko kowa yana da kasonsa a ginin? In kyauta ce, gidan ya zama na Baba, kuma wata rana zai shiga gado a raba shi da kowa, har da waɗanda ba su sa ko sisi ba. In tarayya ce, a rubuta a sa hannu a gaban shaidu, a nemi malamin da ya san gado ya duba. Na fi damuwa da mata a nan. Su ne suka fi ba da kuɗi a ɓoye, ta hannun uwa, kuma su ne ake fara mantawa. Haka kuma gini a kan filin gado da ba a raba ba neman rigima ne, komai kyawun zumuncin yau.

Game da inda kuɗin za su ɗan zauna kafin a kashe su, ka duba abu biyu. Na farko lasisi. A 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna na microfinance, kuma da aka soke lasisin Heritage Bank ranar 3 ga Yunin shekarar aka ga amfanin hakan. Duk manhajar da ba za ta iya nuna maka bankin da ke riƙe da kuɗinka ko rajistarta da CBN ko SEC ba, ka bar ta. Wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a wata guda kuwa, MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta rufe da na wasu a Afrilun 2025, kuma duka biyun suna da shafi mai kyau da layi mai launi. Na biyu riba. Wanda ba ya son kuɗin ruwa su shiga ginin da zai yi sallah a ciki yana da zaɓi: Jaiz da TAJBank da Lotus bankuna ne marasa ruwa, Cowrywise tana da tsarin halal, akwai kuma Sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017, sai dai shi na shekaru ne, bai dace da kuɗin da kake son mayarwa bulo kafin damina ba.

Kada kuma kuɗin gida su zauna a asusun da ke haɗe da layin wayar da kake yawo da ita. Kowa ya san ƙwacen waya a Kano, kuma mai ƙwacen ba wayar kawai yake so ba, layin yake so ya buga lambobin banki. Sa wa layinka lambar sirri ta SIM, minti biyu ne a saitin waya. Tun da shafin wayoyi muke, bari in ƙara wannan ko da ba za a ji daɗi ba: sabuwar waya ta 250,000 buhu 25 ce a farashin dubu 10. In da ita kake neman abinci, saya. In don kyamara ce, ka dai san ɗaki nawa ka ɗaga wa ƙafa.

Ranar biyan kafin alƙalami, kada ka tsaya a kan maganar dillali. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, na birni kuma gwamna, wanda a Kano ake bi ta KANGIS. Kafin nan, a rubuta takardar ciniki da adadin da aka biya, da saura, da ranar cikawa, da abin da zai faru da kuɗinka in ɗayanku ya fasa. Mai unguwa da dagaci su sani, maƙwabtan filin su tsaya a ga iyaka, kuma ka tambaya ko filin na gado ne, in haka ne duk magada su sa hannu. Ɗauki hoton takardar ka ɗora a Google Drive, ka yi bidiyon zagayen iyakar da shaidu a ciki, ka tsaya a kowace kusurwa huɗu ka adana lambobin wurin a Google Maps. GPS ɗin waya yana iya kuskuren mita uku zuwa biyar, wanda a fili ƙafa 50 ya isa ya cinye maka banɗaki, saboda haka bai maye gurbin safiyo ba. Ka sa kuɗin safiyo da duwatsun iyaka a jadawalin tun yanzu, a layi ɗaya da la'adar dillali.