SHARHI: Awon Hawan Jini Ta Wayar Salula, Wa Zai Biya Mai Duba Sakamakon?

A unguwar Luggere da sauran sassan Jimeta, galibin shaguna da ƙananan masana'antu sun dogara ne a kan mutum guda. Shi ke saro kaya, shi ya san masu bashi, shi ne kuma ke hulɗa da banki. Ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ranar ce jarin gidan zai fara zurarewa. Babban abin da ke haddasa wannan ciwo kuwa shi ne hawan jini, wanda sau da yawa ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa babban mutum ɗaya cikin kowane uku a duniya yana da hawan jini, kuma huɗu cikin biyar na masu ciwon ba sa samun kulawar da ta wadatar. Ga ɗan kasuwa, dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zuwa Asibitin Ƙwararru na Yola ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama don awon da bai wuce minti biyar ba yana nufin rufe shago da biyan kuɗin Keke Napep, wanda ya ƙaru tun bayan janye tallafin man fetur a 2023.

Hanyar lura da majinyaci daga nesa za ta iya rage wannan asara. Mutum zai auna jininsa da na'ura mai batir, ya aika da lambobin ta waya, ma'aikacin lafiya ya duba. Idan awon ya dinga kaiwa 140 bisa 90 ko sama, sai a kira shi a gyara masa magani. A wani bincike da aka yi a Ingila, aka buga sakamakonsa a 2018, waɗanda suka riƙa aika awonsu ta gajeren saƙon tes sun fi majinyatan da aka riƙa aunawa a asibiti kamar yadda aka saba samun saukar lambar sama da kusan maki 5 bayan shekara guda. Ke nan ba lallai sai da waya mai tsada ba. Ƙaramar salula irin wadda ta bazu a ƙasar nan tun zuwan layukan GSM a 2001 ta wadatar.

To sai dai kuma waya ba ta rubuta magani. Lambobin da babu mai karanta su ba su da amfani, kuma nas ko likitan da zai karanta su yana bukatar a biya shi. A nan ne 'yan kasuwa ke da rawar takawa. Kemis masu rajista a Luggere za su iya zama wuraren awo ga waɗanda ba su da halin sayen na'ura, su ƙulla yarjejeniya da asibiti ɗaya da zai riƙa amsa saƙonnin. Haka kuma ƙungiyoyin Babbar Kasuwar Jimeta, waɗanda suka saba da adashi, za su iya karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga mambobinsu kowane wata don biyan wannan hidima.

Ita ma gwamnati akwai nata. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, saboda haka ya kamata hukumar inshorar lafiya ta Jihar Adamawa ta sanya duba awo ta waya cikin ayyukan da take biya. Bugu da ƙari, wajibi ne a tantance ingancin na'urorin da ake shigowa da su, domin na'urar da ke ba da awon ƙarya ta fi rashin na'ura haɗari. Sannan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai karɓar awon alhakin rufa asirin majinyaci.

Ɗan kasuwan da ke ƙirga cinikinsa kullum da yamma bai kamata ya shekara bai san awon jininsa ba.