Lafiya Uwar Jiki: Ana Zargin Tuwo, An Manta Da Mai

A zangunanmu, daga Nima har Kumasi, duk wanda likita ya ce ya rage ƙiba sai mu ga ya ƙaurace wa tuwo da shinkafa, amma miyar da man ja ke iyo a kanta ba ya ɗaga mata ƙafa. To, bari mu zauna mu yi lissafi.

Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da ma'aunin da ake kira kalori. Abubuwa uku ne ke kawo shi. Na farko shi ne kabohaidiret, wato sitacin da ke cikin masara, gero, shinkafa, rogo da doya, haɗe da sukari. Kowane giram ɗaya nasa yana ba da kalori 4. Na biyu furotin, mai gina jiki, wanda ke cikin wake, nama, kifi da ƙwai, shi ma kalori 4. Na uku mai da kitse, kuma a nan ne gizo ke saƙa: giram ɗaya kalori 9, fiye da ninki biyu ke nan. Ruwa da gishiri da bitamin kuwa ba su da kalori ko ɗaya.

Mu ɗauki wake da shinkafarmu ta safe, wadda maƙwabtanmu ke kira waakye. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kalori wajen 200. Babban cokali ɗaya na mai yana da wajen 120. Idan mai sayarwa ta zuba mana cokali biyu na man miya da shito, man nan ya zarce shinkafar, ga shi bai cika ciki ba. Haka ƙosai: wake ne mai amfani, amma ya sha mai a kasko. Kokon da muke haɗawa da shi kuma, kowane ƙaramin cokalin sukari kalori 16 ne.

Baligi yana buƙatar kalori kamar 2,000 zuwa 2,500 a rana, gwargwadon aikinsa. Kakanninmu fatake sun ci sun ƙoshi, amma da ƙafa suka yi fataucin goro. Mu kuwa da yawanmu a shago muke wuni a zaune, kuma abin da jiki bai ƙone ba sai ya adana shi ya zama kitse.

Saboda haka kada mu yi gaba da tuwo. Mu rage malmala kaɗan, mu riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba, mu ƙara ganye irin su ayoyo da zogale. Masu ciwon sukari kuwa su lura: sitaci yana komawa sukari a cikin jini, don haka su bi awon da likita ya ba su.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.