Ƙonannen Mai Ba Taki Ba Ne

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a kan Gulbin Gada cikin 1989, noman rani ya zama babbar sana'a a wannan yanki, har zuwa Magama a bakin iyakar Nijar. Jigo ya ja da baya, injin ban ruwa ya maye gurbinsa. Abin farin ciki ne. Amma injin ya zo da wata al'ada wadda ya kamata a yi maganarta tun ba ta gagara ba, watau yadda waɗansu manoma su ke juyen mai.

Ga yadda a kan yi. Mutum ya ga mai ya yi baƙi ƙirin, sai ya kwance noti nan inda injin ya ke zaune a bakin ruwa, ya karkata shi, ya tsiyaye man a ƙasa, ya tura masa rairayi da ƙafa, shi ke nan wai ya gama. To, bai gama ba. Ƙonannen mai ba ya ruɓewa kamar kashin shanu. Yana toshe ƙofofin ƙasa, iska ba ta shiga, ruwa ba ya ratsawa, wurin ya daɗe bai fid da tsiro ba. Yana kuma ɗauke da garin ƙarfen da injin ya ci, da waɗansu abubuwa masu guba. Ƙasar fadama kuwa ruwanta kusa ya ke, abin da aka zuba a sama ba ya daɗewa bai kai rijiya ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juyen mota guda ɗaya ya isa ya ɓata ruwan sha galan miliyan 1. Ƙaramin injin ban ruwa bai sha mai kamar mota ba, irin Honda GX160 ɗin nan wajen rabin lita da ɗan kai ya ke ɗauka, amma sai a tuna injin ba ɗaya ba ne a bakin gulbi.

Har wa yau ruwan ba na mutanen Jibiya kaɗai ba ne. Gulbin Gada shi ne ya ke tsallake iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, daga can ya sake komowa Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima. Ruwa ba ya tsayawa a Magama a duba masa takarda. Man da aka zubar a nan, da damina sai ya sauka wa 'yan'uwa na ƙetare.

Wani zai ce aiki ya yi yawa, ina lokacin ɗaukar inji a kai shi wani wuri alhali albasa tana jiran ruwa? Wannan magana ba ta da ƙarfi. Masu ƙera irin wannan inji sun ce a juye mai bayan awa 20 na fari idan sabo ne, daga nan kuma sai bayan kowace awa 100. Ashe a rani guda sau nawa ne? Manomin da ya ke ɗora injin a kan babur ko amalanke kowace yamma don tsoron ɓarayi ba zai ce juyen mai a gida ya fi ƙarfinsa ba.

Aikin kansa ba wuya. A tayar da injin ya yi ɗan ɗumi tukuna, gama mai mai ɗumi ya fi saurin tsiyayewa, yana kuma fitowa da dauɗar da ta kwanta. Sa'an nan a kashe shi, a ɗora a kan bulo biyu a tudu, nesa da rijiya, a shimfiɗa leda a ƙarƙashi. Abin da ya ke ɓata wa mutane aiki shi ne notin yana can ƙasa daf da gindin inji, mai ya kan bi ƙarfe ya watsu. Maganinsa kuwa tsohuwar jarka: a yanke gefenta ta zama kwano, a lanƙwasa ɗan gwangwani ya zama indararo, a cusa ƙarƙashin notin. A buɗe murfin sama don iska ta shiga, man ya zubo sannu ba tare da fantsama ba. In ya gama ɗiga a mayar da noti da washarsa, a daidaita injin, a zuba sabo da mazurari har bakin ramin murfi, kada a wuce. Masu jirgin ruwa mai inji a ciki, da ya ke ba su da wurin tara kwano, da ɗan famfo da siririn tiyo su ke zuƙe man ta ramin geji. Mai babban injin gas zai iya koyi da su.

Ƙananan injunan fetur ba su da filtar mai, sai ta iska. In soso ce a wanke da ruwan sabulu, a shanya ta bushe sarai, a tsoma a sabon mai a matse. Da ƙurar hunturu lalle a riƙa dubawa a kai a kai. Babban inji da tarakta su ke da filtar mai, ita kuwa cike ta ke fitowa. Sai a sa mata leda kafin a gama kwance ta, a kife ta cikin kwanon ta kwana tana tsiyaya. Sabuwar a shafa wa robarta ɗan mai, a ɗaure da hannu kurum, ban da sifana.

Saura inda za a kai tsohon man. A ɗura a jarka mai murfi, a ajiye inda yara ba za su kai ba, in ta cika a kai wa bakanike. Magama gari ne na manyan motoci, ba a rasa mai karɓa. Amma akwai abu biyu da a kan yi da shi waɗanda ba su da kyau ko kaɗan. Waɗansu su kan shafa wa dabba don kaska ko ƙaiƙayi, dabbar ta lasa ta haɗiye guba. Waɗansu kuma su kan zuba a kududdufi wai don sauro, su kashe kifi da kwaɗi, ruwan ya haramta ga bisashe.

Wanda ya ɗiga a ƙasa bisa kuskure, a zuba masa toka ko garin katako ya shanye, a kwashe da shebur tare da ƙasar wurin, a fitar daga gona. Ƙungiyoyin manoman rani su ma in sun ajiye ganga guda a bakin hanya, kowa ya riƙa juye nasa a ciki, kuɗin da aka sayar ya isa sayen mazurari da leda na shekara mai zuwa.