Hanya tukuna, kafin masaukin shaƙatawa

Jama'a, duk mai cika baki cewa wata rana za a gina katafaren wurin shaƙatawa a gaɓar madatsar ruwan Goronyo, da lilon yara da ɗakunan da mutum zai sayi mako ɗaya a cikinsu kowace shekara, ku tambaye shi yaushe rabonsa da bin hanyar Isa zuwa Sabon Birni bayan la'asar. Abin nunawa kam muna da shi: kufan Alkalawa, birnin Bawa Jan Gwarzo da mayaƙan jihadi suka ci a 1808, ya isa ya jawo ɗalibai da baƙi daga Maraɗi har Legas. Sai dai a ƙasar da 'yan bindiga suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, suka kashe shi a 2024, wane mai kuɗi zai biya kuɗin hutun baɗi tun bana? Otal ɗin Bagauda na Kano ma, da aka gina lokacin kwanciyar hankali, makarantar lauyoyi ya koma. A tsare hanya, manomi ya koma gona, a killace Alkalawa. Masu zuba jari za su zo da ƙafarsu.