"Kun gane?" "Wi, Mushe!": me yaranmu na CI ke komawa da shi gida?

Duk wanda gidansa ke kusa da lakol ya san wannan amon. Malami ya gama darasi, ya tambaya ko an gane, yara kusan saba'in su amsa baki ɗaya. Da rana yaron ya dawo gida, uwa ta ce masa me kuka koya yau, ya ce "karatu", ya wuce wajen tukunya.

Wannan ƙaramin abu ne muke so mu duba yau, domin ana yawan jan hankalin malamai a kansa wajen tarukan CAPED da lokacin zagayen sufeto: a bayyana manufar darasi tun farko, a kuma rufe shi da tambaya. A takardar shirin darasi kowane malami na rubuta abin da ɗalibi zai iya yi in an gama. Shawarar ita ce a fito da wannan manufa daga takarda, a sa ta saman allo.

Dalili a fili yake. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma da suka kai ƙarshen firamare, ko ɗaya bai cika ba wanda ya iya karatu yadda ake so. Na 2019 ya nuna an samu ci gaba, amma har yanzu mafi yawa na baya. Kuma matsalar daga tushe take farawa, a CI da CP, inda yaro kan shekara yana maimaita abin da bai san ma'anarsa ba.

To amma mu tambayi kanmu: yaron da bai san baƙi ko ɗaya ba, wa aka rubuta wa jimlar Faransanci a saman allo? In dai rubutun ne kawai, sufeto aka yi wa, ba ɗalibi ba. Mu a ganinmu amfanin abin yana bakin malami. Ya faɗa da harshen da yaran ke ji, a taƙaice: yau za mu koyi harafin "m", kafin mu tashi kowa zai iya nuna shi cikin kalma. Ya zana harafin babba a gefen allo, ya bar shi nan, kar a goge. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ba mu ga abin kunya ba malami ya faɗa wa ɗan shekara bakwai inda aka dosa da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamashek.

Tambayar rufewa kuwa, a nan ne aikin yake. "Kun gane?" ba tambaya ba ce, gaisuwa ce, babu yaron da zai ce wa Mushe a'a. Wadda ke da amfani ita ce wadda kowa zai amsa da hannunsa. Tsofaffin malamanmu sun san dabarar: a faɗi harafi ko lissafi, kowa ya rubuta a ƙaramin allonsa, a buga tebur, a ɗaga alluna gaba ɗaya. Cikin minti biyu malami ya ga wa ya kama, wa ya kwafi na maƙwabcinsa, wa ya bar allonsa fari. In rabin aji sun kauce, gobe nan za a koma, ko da tsarin karatu na cewa a wuce. Mu da muka yi makarantar allo ba baƙon abu ba ne a gare mu: ba ka wanke allo sai ka biya wa malam.

Ba mu manta da halin da ake ciki ba. Akwai azuzuwan zana da ba a kafa su sai an gama girbi an samu kara, akwai inda allon bango ya koɗe har alli ba ya kamawa, akwai malaman kwantaragi da aka ba aji ba tare da isasshen horo ba, ga jiran albashi. Wanda ke fama da yara tamanin a rumfa, in aka ƙara masa wata doka ta cike allo don a duba, zai cike ne kawai. Shi ya sa muke ganin in sufeto ya zo, ya fi kyau ya tsaya ƙarshen darasi ya ga allunan yara da ya tsaya karanta abin da ke sama.

Iyaye ma da namu. Kwamitin kula da makaranta na iya duba ko kowane ɗan CI na da allo da alli, don in babu su, dabarar ba ta yiwuwa. 'Yan uwanmu da ke Kano, Legas, Abijan ko Libiya, masu aiko da kuɗin kayan lakol duk watan Oktoba, in kun kira gida ku sa a ba yaron waya. Kar ku ce masa yana ƙoƙari? Ku ce ya faɗa muku harafin da suka koya yau, da kalma ɗaya da ta fara da shi.