Waiwaye: Zamanin da Septrin Ke Tashe

A shekarun 1980 da 1990, in yarinya ta fara kuka wajen fitsari, ko yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, likita ba ya dogon nazari. Sai ya rubuta Septrin na ruwa ko ampicillin, kafin mako ya zagayo an warke. Ga arha ga aiki.

Arhar ce ta ja mana. Kowane kemis na sayar da su ba takardar likita, har mai tallan magani a tasha. Jariri ya yi zazzaɓi, kaka ta ce haƙori ne, maƙwabciya ta ce sauro ne, a aiki yaro ya sayo kafso biyu, a ɓare a dama a cokali a ɗura masa. Da jiki ya yi sanyi sai a daina, ragowar kwalba kuma a ajiye wa ƙaninsa. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi kashedi a jawabinsa na karɓar lambar Nobel cewa maganin da bai kai ƙima ba koya wa ƙwayoyin cuta juriya yake yi.

Ƙwayar E. coli, mai haddasa yawancin cutar mafitsara a yara, a hanji take zaune, daga bayan gida take hawa hanyar fitsari. Duk kafson da aka ba yaro don mura, wadda ba ta ma jin irin wannan magani, raunanan ƙwayoyin hanjin yake kashewa, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2016 ya nuna cewa a ƙasashen da ba sa cikin rukunin masu arziki, kusan kashi 80 cikin 100 na E. coli da aka samu a fitsarin yara ba sa jin ampicillin.

Yau abin da cokali ke warkarwa a da wani lokaci sai an kwanta asibiti ana allurar ceftriaxone, ita ma ta fara gazawa. In cutar ta hau ƙoda tana iya barin tabo, jariri kuwa ba shi da bakin cewa ga inda ke masa zafi, zazzaɓi kawai ake gani. Shi ya sa in gwajin maleriya bai nuna komai ba, likitan kirki ke neman fitsari a kwalba mai tsabta. Ɗakin gwaji kan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin ya faɗi maganin da ƙwayar ke ji har yanzu, iyaye da yawa kuma ba sa komawa karɓar sakamakon.